Idan Kasuwa Ta Cika, Wa Ke Riƙe da Littafi?

Wannan shi ne jawabin da na yi a zaman matasa na Sassumbrum. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi da Yamai da ba su samu zuwa ba sun ce in sa musu shi a nan. Na ɗan gyara, amma na bar shi kusan yadda bakina ya faɗe shi.

Iyayena da ke zaune a gaba, ina gaisuwa, Allah Ya ƙara girma. Yayye da ƙanne, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

Tun daga bakin ƙofa wani ƙanena ya tare ni ya ce, "Yaya, don Allah yau ka faɗa mana wacce ce za ta fashe bana." To bari in cire muku rai tun yanzu, ban zo da sunan wani kirifto da za ku saya ba, kuma ba ni da lambar gayyata da zan raba. Na zo da tambaya ɗaya wadda masu gina waɗannan hanyoyin kuɗi suka fi shekara goma suna faɗa a kanta: yaya za a yi hanya ta ɗauki jama'a masu yawa ba tare da ta toshe ba? Da jin ta kamar maganar injiniyoyi ce a Amurka. Amma mu nan bakin iyaka mun ɗanɗani toshewar kuɗi har sau uku cikin shekara biyu, kuma ina so in tuna muku.

Na farko, farkon 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya, zamanin Godwin Emefiele, ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adi ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mu ba 'yan Nijeriya ba ne, amma kowa ya san yadda naira ke yawo a kasuwannin Magarya da Dungas kamar 'yar gida. Tsohon kuɗi ya zama abin gudu, sabo kuma babu shi. Aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Da miliyoyin mutane suka afka wa hanyoyin bankuna lokaci guda, sai suka kasa ɗauka. Ka tura, an cire a wurinka, bai shiga wurin mai kaya ba. Da idona na ga mutum biyu sun wuni gindin itace kan cinikin raguna: mai raguna ya riƙe igiya, mai saye ya riƙe salula yana nuna masa cewa kuɗi sun fita, ba wanda ya yarda ya saki.

Na biyu, bayan 26 ga Yuli 2023. Ranar 30 ga wata CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka riƙe kuɗin gwamnati a BCEAO, Nijeriya ta yanke wuta. Bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira daga cikin kuɗinsa na kansa. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage. Ba zan shiga siyasar abin ba yau, kowa a nan da ra'ayinsa. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, a wannan karon hanya ba ta cika ba. Fayau take. Mai makulli ne ya rufe ƙofa.

Na uku kuwa namu ne mu matasa. Shekarar 2024, shekarar mainin. Notcoin ta biya wasu a watan Mayu, sai kowa ya ɗauki waya. Ka je fada, shayi na hucewa a kofi, ba mai kallon wani, yatsu kawai ke aiki. Ni ma na daddanna, ba zan yi muku ƙarya ba. A ƙarshen Agusta aka raba DOGS a kan hanyar TON, hanyar da ake yi wa kirari cewa za ta ɗauki miliyoyi ba ta ji ba. Ta tsaya cik har sau biyu, awanni ana jira ba a rubuta ko ciniki ɗaya ba.

Kun ga cuta biyu ke nan daban-daban. Akwai cunkoso, hanya ta cika. Akwai kulle, mai ƙofa ya rufe. Abin da na fahimta, kuma shi ne duk maganata ta yau, shi ne yawancin maganin da ake ba cuta ta farko shi ke jawo ta biyu.

Bari mu fara da Bitcoin, tunda ita ce uwa. Ku manta da maganar haƙa da na'urori, ku ɗauke ta littafin ciniki ne. Littafi guda, amma kwafinsa na hannun dubban mutane a ƙasashe daban-daban, kuma kowa na duba na ɗan uwansa. Shi ya sa ba wanda zai goge layi ko ya ƙara wa kansa sifiri. Tun Janairu 2009 ake ƙara masa shafi ɗaya kusan duk minti 10. Shafin kuma yana da iyaka, don a 2010 Satoshi Nakamoto ya sa kada ya wuce mega 1. Sakamakon haka, abin da littafin ke iya ɗauka bai wuce ciniki kamar 7 a daƙiƙa ba. Mu yi lissafin 'yan lakwal. Bakwai sau daƙiƙa 86,400 na kwana ɗaya, ya ba mu wajen 600,000. Mu 'yan Nijar mun haura miliyan 25. In aka ce duniya duka ta dakata, a bar mu mu kaɗai, kowa ya yi ciniki ɗaya tak, sai mun yi fiye da kwana 40 a layi.

In layi ya yi tsawo me ke faruwa? Gwanjo. Wanda ya fi biyan la'ada shi ake fara rubutawa. A Disamba 2017 la'adar tura Bitcoin sau ɗaya ta haura dala 50. Dalar Amurka nake nufi, Baba, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sama da jika 25 ke nan. Ka ce za ka aika wa tsohuwarka jika biyar na cefane ta wannan hanya?

Abin da zai fara zo wa kowa a rai shi ne, to a faɗaɗa shafin mana. Haka wasu suka ce, kuma daga 2015 zuwa 2017 an yi rigima kamar ta rabon gado. Ranar 1 ga Agusta 2017 masu son babban shafi suka ɓalle suka kafa Bitcoin Cash mai mega 8. Waɗanda suka tsaya suka ce, in littafi ya yi nauyi, wa zai iya ɗaukar kwafinsa? Ko da ƙaramin shafin nan, littafin Bitcoin ya wuce giga 500. Wa ke cikin ɗakin nan da zai sauke shi da forfe ɗinsa? In aka ninka shi sau goma ko sau ɗari, sai manyan kamfanoni masu ɗakunan kwamfuta ne kaɗai za su riƙe, sauran jama'a sai dai su ji ta bakinsu. Ni a ganina kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Masu babban shafi sun tuna da talaka mai biyan la'ada, masu ƙaramin shafi sun tuna da talaka mai son duba littafi da kansa. Talakan nan kuwa mutum ɗaya ne, kuma ba a tambaye shi ba.

Wasu suka ce matsalar ita ce magatakarda sun yi yawa, a rage su abu ya yi sauri. Tron haka ta yi, wakilai 27 ne ke rubuta shafukanta. Kuma kada mu raina ta, don a kanta ne kaso mai yawa na USDT ke gudu, wato kirifton da aka ɗaure da dalar Amurka, wanda 'yan kasuwa da dama daga Kano zuwa nan ke biyan kayan Sin da Dubai da shi. Yana da sauri, yana aiki. Sai dai USDT na kamfani ne guda, Tether, kuma kamfanin na iya daskarar da kuɗin da ke cikin kowace lalita. A Maris 2025 ya daskarar da sama da dala miliyan 25 na kasuwar Garantex ta Rasha, wadda ke ƙarƙashin takunkumi. Ba kare Garantex nake ba, ban san su ba, ba su san ni ba. Amma mu da muka kwana cikin takunkumi wata bakwai ya kamata kunnenmu ya motsa. Ina jin abokaina na cewa USDT ce mafitar sefa, tunda sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957. To, ɗan uwa, kwance igiya ka yi daga wannan turke ka ɗaura a wancan. Mafi yawan ajiyar da ke bayan USDT takardun bashin gwamnatin Amurka ne.

Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya yawaita bayanin wannan ƙulli. A tamu fahimtar murhu ne mai duwatsu uku: tsaro, yalwar hanya, da rashin sarki guda a kan littafi. Duk wanda ka ɗaga, sai tukunya ta karkata wajen sauran.

Yanzu ku ba ni dama in dawo gida, don a nan ne abin ya fi yi mini daɗi.

Kakanninmu sun san wannan ciwo. Kuɗinsu wuri ne, kuma wuri ba ya da laifi wajen sayen goro ɗaya ko ƙoƙon fura. Amma a babban ciniki azaba ne. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya ratsa ƙasar nan, ya rubuta yadda aka zauna ƙirgar wuri 500,000 a Tasawa a 1851, ana ja biyar-biyar da yatsu. A Kano a lokacin wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya. Ka sayar da doki, sai ka nemi jakin da zai ɗauki kuɗin. To yaya fatake suka yi? Ba su ƙara girman wuri ba. Sun daina motsa shi sai in ya zama dole. Aka koma bashi da lamuni ta hannun maigida a zango da dillali a kasuwa. Har wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi a 1969 kan yadda Hausawan Sabo a Ibadan ke sayar da shanu bashi, maigida na tsaya wa baƙonsa.

Wannan tsari bai mutu ba, yana nan da ransa. Ina da kawu ɗan canji, kuma kusan kowa a nan na da irinsa. Mutum ya kai sa Maigatari ranar Alhamis ya sayar. Ba zai cusa naira a aljihu ya biyo daji da ita ba. Zai ba wani Alhaji can, Alhaji ya buga wa kawu waya, kawu ya ƙirga sefa ya ba iyalin mai sa a nan, kafin ma mutumin ya hau moto. Washegari wani mai butik na son saro kaya a Kano, sai ya ba kawu sefa a nan, ya karɓi naira a can. Haka za a yi ta yi, wannan ya shiga wancan ya fita. In mako ya ƙare su biyun su buɗe littafi, a cire wannan daga wancan, abin da ya yi saura shi kaɗai ke ƙetare iyaka. Ciniki ɗari, tafiya ɗaya.

Da na fara karanta bayanin Lightning, wato walƙiya, hanyar da Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka zayyana a 2015 aka fara aiki da ita a 2018, dariya na yi. Na ce ai wannan kawu ne. Mutum biyu su kulle wani adadi na Bitcoin a babban littafi, sannan su koma gefe suna musayar 'yan takardu masu sa hannu a tsakaninsu, sau dubu in sun so, nan take kuma kusan kyauta. Ranar da suka gama sai a kai sakamakon ƙarshe kawai babban littafi. In ba ka da hulɗa da wanda kake son biya, sai kuɗin su bi ta hannun wanda ku biyun kuka sani, kamar yadda kawu ke cewa ban san shi ba amma na san wanda ya san shi. Bambancin shi ne jingina. Jinginar kawu mutunci ne da surukuta da sahu ɗaya a masallacin Juma'a. Jinginar Lightning lissafi ne: in ka fito da tsohuwar takarda don ka cuci abokinka aka kama ka, duk abin da ka kulle ya zama nasa.

Na je na yi wa kawu wannan bayani ina jin kaina. Ya saurara har na gama, yana jan casbi. Sai ya ce, "To ɗan boko, in ruwa ya koma gefe ɗaya fa?" Na ce, "Kawu, kamar yaya?" Ya ce, "Gab da layya kowa rago yake kaiwa kudu, ba mai saro kaya. Naira ta taru wurin Alhaji, sefa ta ƙare a wurina. Sai in ce wa mutane su dawo jibi. Naku injin ya yake yi?"

Wallahi shiru na yi, don ya sa yatsa daidai kan gyambon. Wannan ita ce babbar matsalar Lightning. In kuɗi suka gangara gefe guda, hanyar ta ƙafe, sai an nemo mai jari ya zuba. Mai babban jari kuwa shi kowa zai bi ta wurinsa, a hankali sai ka ga 'yan manyan tashoshi sun zama su ne kasuwar. Ga shi buɗe hulɗar da rufe ta duk sai an shiga babban littafi, wato layin nan na kwana 40 na nan na jiranmu. Ga shi kuma sai wayarka na kan rezo kafin ka karɓa. Saboda waɗannan wahalhalu, mutane da yawa ba sa riƙe makullinsu da kansu, manhajar wani kamfani ce ke riƙe musu. Ɗaya daga cikin sanannun irin waɗannan, Wallet of Satoshi, a Nuwamba 2023 ta janye daga Amurka gaba ɗaya. In za a iya juya wa Amurkawa baya dare ɗaya, ina ga ɗan Sassumbrum?

Ka ga an zagaya an dawo wurin ɗan canji. Sai dai wannan sabon ɗan canjin ba ka san ƙofar gidansa ba. Kawu in ya ci maka kuɗi, ka san zaurensa, ka san surukansa, kana iya kai shi gaban mai gari ko jandarma. Ba ina cewa tsarin kawu ba ya da aibi ba ne. Baƙo ba ya shiga cikinsa, mace sau da yawa sai ta bi ta hannun namiji, farashin canji kuma abin da ya faɗa ne. An kuma sha ganin wanda ya tattara kuɗin jama'a ya ɓace. Amma ko ba komai, ana iya kallon idonsa.

Mutanen Ethereum sun bi wata hanyar da na fi ganin gaskiyarta. Kun san ba a kai gero rumbu zangarniya ɗaya-ɗaya, ɗaure shi ake yi dami. Haka Arbitrum da Optimism da Base ke yi: su tattara ciniki dubbai a waje, su ɗaure dami guda, su kai babban littafi, kowa ya biya ɗan guntun la'adar damin. Ranar 13 ga Maris 2024 aka yi wa Ethereum gyaran da ake kira Dencun, wanda ya ware wa damunan nan wuri mai arha, la'ada ta faɗo ƙwarai. Kyawun abin, bayanan da ke cikin damin a bayyane suke, kowa na iya kwancewa ya ƙirga, in an yi ha'inci ya kai ƙara. Amma ku tambaya, wa ke ɗaure damin? Yawanci hannu ɗaya ne. Na Base, kamfanin Coinbase na Amurka ne. In kuma kana son fitar da kuɗinka kai tsaye zuwa babban littafi, a irin waɗannan ukun sai ka jira kwana 7, lokacin da aka ware don mai ƙorafi.

Akwai kuma masu cewa a raba littafin kansa, kamar yadda ake yanka gandu gayauna-gayauna kowa ya ji da tasa. TON da wannan ta yi suna, kuma na riga na faɗa muku yadda ta kwana a Agusta 2024.

Gwamnatoci fa? Nijeriya ta ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba 2021. Ita ba ta san cunkoso ba, don littafin na hannun Babban Banki shi kaɗai, sannan kasuwar ma ba ta ci ba. Wani nazari na Asusun Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna sama da kashi 98 cikin 100 na lalitocin da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kuma a Afrilu 2022 ta ce Bitcoin ta zama kuɗin ƙasa, a ƙasar da mafi yawan jama'a ba su da wuta balle intanet. Kafin shekara ta zagayo an gyara dokar.

Wannan ya kawo ni ga abin da masu tallan sauri ba sa son a taɓo. A ce hanya na ɗaukar ciniki miliyan a daƙiƙa. Mai hatsi a kasuwa ba ya karɓar USDT. Dole wani ya mayar maka da shi sefa ko naira a hannu. Nan ne ƙofar fita, kuma ita ce mafi ƙunci a duk gidan. A Fabrairu 2024, naira na faɗuwa, gwamnatin Nijeriya ta tsare manyan ma'aikatan Binance biyu, a watan Maris kamfanin ya cire naira daga dandalinsa. Ba littafin da ya tsaya, ba shafin da ya cika. Amma dubban matasa da ke canji ta nan suka wayi gari ƙofa a rufe. A ɓangarenmu kuma kada mu manta, sefa ce kaɗai kuɗin da doka ta sani. In aka cuce ka a kirifto, da wace takarda za ka shiga kotu?

Sannan ku ɗauki innata a ƙauye. 'Yar ƙaramar waya gare ta mai tocila, sai an kai wurin mai caji an biya. Rezo sai an fita bayan gari. Ba ta karanta boko. Ka ce mata ta adana kalmomi 12 na Turanci, in sun ɓace kuɗinta sun tafi har abada, in wani ya gani ma sun tafi? Me ya sa Nita da Amana da Al Izza suka cika garuruwanmu? Don akwai kanta, akwai mutum zaune, ka faɗi lamba a ƙirgo maka takarda. Littafinsu na hannun kamfani ɗaya, wannan gaskiya ne, amma sun amsa tambayar da inna ke yi. Wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, Kgothatso Ngako, ya gane haka, a 2022 ya fito da Machankura, mai tura Bitcoin ta Lightning da ƙaramar waya, ta danna lambobi irin na duba kiredi, ba intanet. Na yaba masa, don shi daga irin wayar inna ya faro tunani. Amma ko a can, ga mai ƙaramar waya, ba a hannunsa makullin yake ba.

Na ga wani malaminmu na gyara zama. Allah gafarta malam, maganar halacci ko haramci ban isa in shiga ba, malamai sun saɓa kuma fagenku ne. Abin da na sani shi ne duk wanda ya ce ka kawo jika goma ka karɓi ashirin bayan wata ɗaya, ko da sunan kirifto ya zo ko da sunan adashe, ba faɗaɗa hanya yake ba, aljihunka yake nema.

Me ya sa ƙungiyar farar hula za ta ɓata yammaci guda kan wannan? Don maganar kuɗi na tafe. A Fabrairu 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya taɓo yiwuwar kuɗin bai-ɗaya tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma tun 29 ga Janairu 2025 mun fita CEDEAO. Ko an yi sabon kuɗi ko ba a yi ba, ko na takarda ne ko na waya, wata rana za a zo mana da tsari a ce ga shi, mai sauri ne, mai arha ne. Ranar nan ba na so mu tsaya tafi, ba na so kuma mu tsaya zagi. Ina so a samu matasa a Magarya da Dungas da za su miƙe su ce: ranka ya daɗe, littafin a hannun wa yake? Wa ke da ikon rufe lalitar mutum, kuma sai da izinin alƙali ko da buga waya kawai? In an rufe tawa bisa kuskure, wane ofis zan je, a Damagaram yake ko sai Yamai? In wuta ta ɗauke kwana uku ko rezo ya faɗi ranar kasuwa, da me mai raguna zai karɓi kuɗinsa? Wanda ke riƙe da littafin kuma, ɗan ƙasa ne ko baƙo, zai ga duk inda na kashe tamma ɗaya? Waɗannan tambayoyin su ne za ku yi wa mai tallan kirifto a Telegram, su ne kuma za ku yi wa minista. In amsar ta fito da kumbiya-kumbiya, kun san inda aka ɓoye makullin.

Sai dai kafin mu tambayi wasu, akwai abin da mu kanmu ba mu riƙe a hannu ba. Na zauna zan rubuta nawa ake kashewa in za a aiko jika 20 daga Kano zuwa Sassumbrum, sai na ga kowa da abin da yake faɗa. Don haka ga aikin da nake roƙo. Ina son mutum goma, maza da mata, da za su ɗauki littafi da biro na tsawon kasuwa huɗu. A je wurin 'yan canji, a je kantunan aike, a je wurin masu POS na tsallaken iyaka, a je wurin samarin da ke canjin USDT. Ba sunan kowa za mu rubuta ba. Abin da muke so kawai: nawa aka tura, nawa ya iso hannu, awa nawa aka jira, kuma da abin ya maƙale wa aka je wurinsa. In mun haɗa sai mu buga a wannan shafi, mu kuma karanta shi da baki a fada da gidajen biki don waɗanda ba sa karatu.

Kawu ya ce zai buɗe mana nasa littafin in mun yi alkawarin rufe sunaye, da sharaɗin mu zo bayan la'asar, ba ranar Alhamis ba. Mai son shiga ya ba da sunansa wurin 'yar uwarmu da ke riƙe da takarda a bakin ƙofa. Sai tambayoyi.